Amsoshi Ashirin na Malam Ɗahiru

Lokacin da aka tura ni koyarwa Tudun Fannami, a farkon shekarar 1952, Malam Ɗahiru ya riga ya faɗi jarrabawar shiga kwalejin malamai sau uku. Kowa a garin ya san wannan, har matan da ke banda kifi a bakin ruwa, amma ba mai faɗa a gabansa. Ni kuwa da yake bakina ba shi da linzami a wancan zamani, ran da na sauka na tambaye shi wace kwaleji ya yi. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Ban yi ba tukuna, Malam Inuwa. Zo ka ga ajinka."

Tudun Fannami ƙauye ne a fadamar kogin Haɗeja, tafiyar rabin yini daga birni idan ƙasa ta bushe. Idan ruwa ya sauko kuwa sai ya zama tsibiri, a yi wata uku ba shiga ba fita sai a kwale-kwale, ko mutum ya kwanta kan gora ya yi ta iyo. Makarantar elementare ɗaki biyu ce ta laka, yara sittin da 'yan kai, malamai mu biyu, kuma babu mai satifiket a cikinmu. Malam Ɗahiru shi ne hedimasta, shi ke koyar da aji uku da huɗu, shi ke yaɓe bango bayan damina, shi ke buga ƙararrawa, wadda guntun ƙarfen dogo ce da aka rataye jikin tsamiya. Shekararsa goma sha huɗu yana wannan aiki.

Dogo ne, siriri, ya ɗan ranƙwafa, kullum gefen rigarsa fari fat da alli. Ban taɓa ganin mutumin da gajiya ta zauna wa a fuska kamarsa ba. Ko dariya zai yi sai ya fara da ajiyar zuciya. Da safe makaranta, da azahar gonar shinkafa, don albashin malamin da ba shi da takarda ba ya riƙe gida mai mata da 'ya'ya mata uku. Ƙafafunsa duk faso saboda laka. Amma idan aka zo lissafi, to, nan kam ban ga na biyunsa ba a ƙasar Haɗeja, kuma na zaga ƙasar daga baya, na ga masu satifiket iri-iri waɗanda sai sun cire takalmi kafin su ƙirga ashirin.

Gadon abin ya yi. Mahaifinsa, Malam Abdulwahid, shi ne mai raba gado a ƙauyukan fadamar nan tun daga Kafin Hausa har kusa da Kaugama. Idan mutum ya rasu ya bar gona da shanu da taru da kwale-kwale, shi ake ɗaukowa. Yakan sa a share ƙasa a ƙofar zaure, ya zauna, ya yi ta jan layuka da ɗan yatsa yana motsa baki, magada suna zaune nesa kaɗan. Idan ya gama sai ya shafe ƙasar da tafin hannu tas, ya karkaɗe hannun, sannan ya ɗago kai ya faɗi rabon kowa. Bai taɓa buɗe baki ba alhali zanen yana ƙasa. Dalilinsa biyu ne. Dukiyar mamaci sirrin gidansa ce, ba a barin ta a fili kowa ya zo ya karanta. Sannan idan magada suka ga zane, kowa zai zama malami, a wuni ana gardama kan layi ɗaya. Ɗahiru tun yana ƙarami shi ke share wa uban ƙasa, a nan ya koyi hisabi, a nan kuma ya koyi cewa malamin kirki amsa yake miƙawa, wahalar da ya sha wajen nemo ta kuwa tasa ce. Da uban ya rasu, shi aka ci gaba da kira.

To ka ji mutumin da takardar sakamako ta zo sau uku tana cewa ya ci Turanci, ya ci sauran darussa, ya faɗi lissafi. Ba a faɗin dalili. Suna ne, da layin jan alƙalami a ƙarƙashin darasin da ya kayar da kai, shi ke nan.

A watan Yuli, ruwa ya fara cika fadama, masinja ya kawo takarda daga ofishin makarantu. Abu biyu ta ƙunsa. Daga yanzu ba za a karɓi wanda ya cika shekara talatin da biyar a kwaleji ba, kuma kowace makaranta mai satifiket ne zai shugabance ta da zarar an samu. A takardun En'e an rubuta cewa an haifi Malam Ɗahiru a watan Yuni na 1918. Wani magatakarda ne ya dubi tsawonsa ya ƙago masa wannan rana, amma ta zauna daram. Ma'ana, jarrabawar watan Oktoba ita ce ta ƙarshe gare shi. In ya ci, ya je ya dawo kan kujerarsa da takarda. In ya faɗi, a kawo wani yaro ya zauna masa a kai.

Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta, ya ce, "Malam Inuwa, kai ma za ka zauna jarrabawar. Mu yi bita tare."

Na ce ni da lissafi ba ma ga maciji, shi ya fitar da ni daga midil ban gama ba.

"Na gani," in ji shi. "Na ji ka jiya kana koya wa 'yan aji biyu bakwai sau takwas. Ka ba su amsa biyu, suka zaɓa."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, idan ya dawo daga gona, sai mu zauna ƙarƙashin tsamiyar makaranta har a kira magariba. Takarda tsada take, don haka a ƙasa muke yi. Yana da tsofaffin takardun tambayoyi uku na shekarun da ya faɗi, yana ajiye su cikin gwangwani saboda gara. Ya ce duk tambayoyin Bature, komai yawansu, uwarsu biyar ce: sau, rabawa, gutsattsarin lamba, awo, da tambayar labari. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe jarrabawa, saura duk sauya riga ne.

Ran farko ya ce, "Arba'in da takwas sau ashirin da biyar."

Na tsuguna na fara jera lambobi, wannan ƙarƙashin wannan, ina ɗaukar ɗaya ina ajiyewa.

"Tsaya, za ka haƙa mana rijiya. Ashirin da biyar ba rubu'in ɗari ba ne? Raba arba'in da takwas gida huɗu."

"Goma sha biyu."

"Liƙa masa sifili biyu ka wuce."

Dubu ɗaya da ɗari biyu. Na sake yi ta doguwar hanya don in kama shi da kuskure, na ɓata lokaci, na zo inda ya ce. Haushi ya kama ni, ba haushinsa ba, haushin shekara uku da na yi a midil ana zane ni a kan abin da ake gamawa da numfashi ɗaya.

Yana da irin waɗannan cike da kai. Lambar da ta ƙare da biyar idan za a ninka ta da kanta, kamar talatin da biyar, sai ka ɗauki ukun ka buga shi da mai bi masa, huɗu, ka sami sha biyu, ka ɗora ashirin da biyar a bayansa. Kana son ka san ko lamba za ta rabu gida uku ba saura, tara 'ya'yanta ka gani ko jimlar ta rabu. Ka gama sau mai tsawo kana shakka, akwai awon tara da ya koya wurin ubansa, wanda ke gaya maka ko ka yi daidai ba tare da ka sake aikin ba. Sau tara kuwa a yatsu yake yinsa, ya lanƙwasa ɗaya ya karanta hagu da dama.

Gutsattsarin lamba su ne suka fi ba ni tsoro, ɗaya bisa takwas a tara da ɗaya bisa shida da makamantansu. Shi kuwa nan ne gidansa.

"Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Matar tumuni, uwar sudusi. Gida nawa za ka yanka gonar don kowacce ta sami nata ba gutsure?"

Na yi ta lalube, can na ce ashirin da huɗu.

"Matar uku, uwar huɗu. Bakwai ke nan cikin ashirin da huɗu. Abin da Bature ke tambaya ke nan, sai dai shi bai kashe kowa ba."

Tambayar labari ita ce ta fi ba mu dariya, idan ma akwai ƙarfin dariyar. Kullum akwai tanki da famfo biyu, ɗaya yana cika shi cikin awa uku, ɗaya cikin awa shida. Ni ban taɓa ganin famfo ba sai na tashar Malam Madori, shi ma ɗaya ne kuma ba ya kawo ruwa. Malam Ɗahiru ya ce in manta da famfo, in ɗauka mutum biyu ne ke jan jigo suna ban ruwa a lambu ɗaya, ɗaya ƙato ɗaya tsoho. "Buga awowinsu, sha takwas. Tara su, tara. Raba. Awa biyu sun gama sun tafi gida." Ya ce su sun tafi gida, mu kuma muna nan.

Wata uku muka yi a haka, kuma ban tuna wata uku masu nauyi kamarsu ba. Ruwa ya kewaye gari, sauro ya tashi tun rana ba ta faɗi ba, zazzaɓi ya kayar da shi sau biyu ni sau ɗaya. Da shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan baki suka sauko, ya zama 'ya'yansa na gona tun asuba suna kaɗa gwangwani, shi ma yana gudu can tsakanin azahar da la'asar. Sau da yawa yakan ba ni tambaya, in sunkuya ina yi, in ɗago in tarar barci ya ɗauke shi a zaune, yatsansa a cikin ƙasa. Matarsa Falmata takan aiko da kunun tsamiya, wata rana kuma ta zo da kanta ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam, ko shanun huɗa ana kwance musu karkiya." Ya ce mata saura kaɗan. Shekara huɗu ke nan yana ce mata saura kaɗan, kuma ta san haka.

Shi ba bitar lissafi yake yi ba, don babu abin da zai bita. Bitar dalilin faɗuwarsa yake yi. Ya gaya mini cewa shekarar farko tawada ta ɗiga masa a gefen takarda, yana jin ita ce. Shekara ta biyu ya lura rubutunsa ya yi ƙanana. Ta uku ya soke amsa ɗaya ya sake rubutawa, kuma Bature ba ya son ƙazanta. Saboda haka bana ya sayi sabon bakin alƙalami daga birni, yana ta koyon jera lambobi a miƙe kamar sahun masallaci.

Wata rana ina duba tsohuwar takardar tambayoyin na ga layin da ke samanta, wanda ya ce a nuna yadda aka samo kowace amsa. Na ce, "Malam, wannan fa?"

"Na gan shi tun shekarar farko. Jinƙai ne ga mai rauni. Idan ka ɓata a hanya, su ga inda ka ɓata su ba ka rabin maki. Kai ka rubuta komai, tunda kanka rariya ne. Amma wanda ya samu daidai, me zai nuna? Babban mutum ne zai duba takardar nan. Ba zan kai masa shara ba."

Maganar ta shige ni. Wane ni da zan yi musu da mutumin da ke raba gonar kadada goma tsakanin magada sha bakwai kafin kunu ya huce? Na ma ji kunyar kaina, na ƙudura wata rana ni ma zan kai matsayin miƙa farar takarda.

Ran tafiya ruwa bai janye ba. A kwale-kwale muka fita, muka yi sauran a ƙafa, muka sauka gidan wani ɗan'uwansa a Haɗeja. Washegari aka zuba mu, mu wajen talatin, a wani aji mai bencina, mai tsaron jarrabawa ya ajiye agogo a kan tebur ya ce awa biyu, tambaya ashirin. Malam Ɗahiru yana gabana ta dama, ina ganinsa. Zai karanta tambaya, yatsansa ya yi 'yan zane-zane a kan cinyarsa, ya shafe wurin da tafin hannu, sannan ya tsoma alƙalami ya rubuta layi ɗaya. Kafin agogo ya ci minti arba'in ya gama, ya busar da tawada, ya haɗa hannuwa ya zauna yana kallon bango.

Ni kuwa Allah ya sani. Gajerun hanyoyin da ya koya mini su suka cece ni, amma ban yarda da kaina ba ko kaɗan, don haka kowacce sai na rubuta ta a fili: raba huɗu, ga sifili biyu, ga gida ashirin da huɗu, ga awon tara a gefe. Na cika shafi biyar, na soke, na ɗiga tawada, gumi ya jiƙa gefen takarda. Tambaya sha shida na taɓa aka ce a ajiye alƙalami. Da muka fito na ce masa na faɗi. Ya tambaye ni amsoshina ɗaya bayan ɗaya, don duk tambayoyin suna kansa, ya ce sha uku daidai ne. "Sai dai in ƙazanta ta kayar da kai," in ji shi, yana tausaya mini.

Sakamako ya zo a watan Janairu. Da yake shi ne hedimasta, hannunsa aka ba. Muna tsakar koyarwa ya leƙo ajina ya ce a fito da yara duka. Ya jera su a fili, ya karanta musu cewa Malam Inuwa ya ci jarrabawa zai tafi kwaleji, ya sa suka tafa mini sau uku. Ban tambaye shi nasa ba, don na ga yadda ya ninke takardar. Ya je ya buga ƙarfen tara alhali saura kusan awa guda, ya shiga aji ya rufe ƙofa. Kunya ta hana ni murna, kuma murnar tana nan a ciki tana motsi, ba zan yi ƙarya ba.

Na shiga kwaleji a watan Fabrairu. Mako na biyu, Baturen da ke koyar da lissafi, wanda ɗalibai ke kira Mai Lofe, ya aiko a kira ni ofishinsa. Na tafi. Ya ce ya ga daga ƙasar Haɗeja nake, kuma ya ga wasu dabaru a takardata da ba a littafinsu suke ba, sun burge shi. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda ya shimfiɗa a gabana. Tun kafin in ga sunan na gane rubutun. Layi ashirin, a miƙe, ko ɗigo babu.

Ya ce shekara huɗu ke nan wannan mutum yana aiko masa da irin wannan. Amsa ashirin, duka daidai, babu aiki ko na layi ɗaya. Dokarsu kuwa, amsar da ba a nuna hanyarta ba, ba ta da maki, don ba a san daga ina ta fito ba. Shi a ganinsa wani ne ke nuna wa mutumin tambayoyin tun kafin ranar, sai dai ya rasa ko wane ne. Ya zuƙi lofensa, ya ce in da zai sami wanda ya san shi ya tsaya masa, da sai ya kira shi ya tsayar da shi gaban allo ya gwada shi da kansa. Sannan ya ce, "Garinku ɗaya. Ka san shi?"

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, idan ana zargin an nuna masa tambayoyi, ni da muka zauna benci kusa da juna, muka fito makaranta ɗaya, dabarunmu iri ɗaya, me zai hana a ce ni ma an nuna mini? Na ga kaina a jirgin komawa da akwatina a ka. Na ce, "Na san shi sama-sama, ranka ya daɗe."

Ya mayar da takardar aljihun tebur ya ce in tafi.

Na ce gobe zan koma in faɗi gaskiya. Gobe ta zo na ce bari in saba da wurin tukuna, Turancina ya ɗan nuna. Na ce bayan gwajin farko, idan ya ga ni ma ba sata na yi ba. Na ma fara rubuta wa Malam Ɗahiru wasiƙa sau biyu na yage. Ana haka Mai Lofe ya tafi hutu ƙasarsu, aka kawo wani, watan Yuni ya zo ya wuce. Daga nan sai na daina cewa gobe, na koma cewa ai ko na faɗa ba lalle a kira shi ba. Mutum idan yana son ya yi barci, ba ya rasa abin da zai gaya wa kansa.

Na gama a 1955. Da takardar aiki ta fito sai na ga an mayar da ni Tudun Fannami, hedimasta. Na je ofis na roƙa a sauya mini, aka ce ai ni na san wurin, kuma babu mai son garin da ruwa ke rufewa. Malam Ɗahiru aka ce ya zauna mataimaki, ya riƙe aji ɗaya.

Shi ya tarye ni a bakin ruwa. Ya ƙara ranƙwafawa, furfura ta fito masa a gemu. Ya riga ya share ɗaki, ya kwashe kayansa daga teburin, ya miƙa mini rajista da mabuɗin akwatin alli, ya ce, "Barka da zuwa, Malam Inuwa. Gara kai da baƙo." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cikin 'yan makonni na lura da abubuwa. 'Yan aji huɗu da ya koyar ba su san ko ɗaya daga dabarunsa ba, doguwar hanya suke bi suna faɗuwa a rami kamar yadda nake yi a da. Na tambayi ɗaya, ya ce Malam ya hana, ya ce hanyoyin ba su da tabbas. Bulama, mai garin, kuma ya same ni da ƙorafi, wai ko zan yi wa Malam magana. Shekara biyu ke nan ya daina raba gado. Mutane na zuwa daga nesa yana sallamarsu, yana cewa su je wurin alƙali a birni. Akwai gonaki a garin da ciyawa ta cinye saboda magada sun ƙi yarda da rabon kowa sai nasa.

Duk da haka sai da na yi wata uku ina haɗiye maganar. Ran da na faɗa, ranar Alhamis ce da yamma, lokacin yankan shinkafa. Na same shi a gonarsa shi kaɗai da lauje, ruwa iya idon sawu. Na tsaya a kan gaɓa na ce ina da magana. Na fara da abin da ya fi sauƙi: na ga takardarsa, ba kuskure ne ya kayar da shi ba, rashin nuna aiki ne.

Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. "Amsoshin fa?"

"Daidai ne."

"Nawa daga ciki?"

"Duka ashirin."

"Na shekarun baya fa?"

"Ya ce duka shekara huɗun."

Ya fito daga ruwan ya zauna a kan gaɓa, ya ajiye laujen. Can ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya share fuska da gefen riga. "Gado arba'in da ɗaya na raba bayan rasuwar Baba. Tun da sakamakon nan na huɗu ya fito nake bin su ɗaya-ɗaya a kaina, ina neman marayan da na cuta. Na ce tunda masu ilmi sun ce ban iya ba har sau huɗu, to akwai inda nake kuskure ban sani ba. Ban same shi ba, kuma ban daina nema ba."

Fuskarsa ta saki yadda ban taɓa gani ba. A nan ya kamata mai wayo ya yi shiru ya tafi gida da lada. Na kusa yin hakan. Amma na gaji da ɗaukar abin, kuma ina jin don in sauke wa kaina na faɗa, ba don shi ba. Na gaya masa sauran: abin da Mai Lofe ya ce game da allo, tambayar da ya yi mini, da amsar da na ba shi, kalma da kalma.

Bai dube ni ba. "Wane wata ne wannan?"

"Fabrairu."

"Saura wata huɗu ke nan a lokacin."

"Haka ne, Malam."

"Kuma ya ce zai kira ni."

"Haka ya ce."

Ya gyaɗa kai. Na jira ya yi faɗa, ko ya ce ya yafe, ko ma ya tambaye ni dalili, don na tanadi dalilai tun shekara biyu. Bai tambaya ba. Ya ɗauki laujensa, ya gwada kaifinsa da babban yatsa, ya sauka cikin ruwan.

"Rana na faɗuwa, ranka ya daɗe," in ji shi. "Gobe akwai makaranta."

Bai taɓa kirana haka ba sai ran nan, kuma bai sake kirana da wani suna ba. Shekara biyar muka ƙara yi tare. Cikin mako guda ya koma raba gado, gonakin nan aka nome su da damina. Bai taɓa makara ba, bai taɓa yi mini musu ba, duk abin da na ce a yi sai ya ce to. Yara suna cewa ba su taɓa ganin malamai biyu masu zaman lafiya kamarmu ba. Amma tun daga ranar bai sake zama kusa da ni ba, sai in sahun salla ne ya haɗa mu.